Alhaji, kar ka juye jarinka kaf a gona

Wani mai sayar da hatsi a Tudun Hatsi nan Gombe ya turo min tambaya, wai an yi masa tallan gona hekta 5 ta wajen Kumo, kuɗin da ake nema kusan shi ne duk jarinsa, to ya saya ne ko ya kama haya?

Alhaji ni dai gaskiya haya zan ce maka, bana kam. Gona ba za ta ba ka ko tiya ɗaya ba don kawai sunanka ne a takarda, bayan ka biya kuɗin fili akwai na tarakta ko shanun huɗa, ga iri, ga maganin feshi, ga 'yan ƙwadago, ga uwa uba taki, kuma masara ba ta yafiya a kan taki, NPK take so cikin sati biyu da shuka sannan ka bi ta da yuriya wajen sati biyar zuwa shida. Na sha ganin ɗan kasuwa ya sayi fili, ruwa ya sauka a watan Yuni aljihu wayam, ƙarshe sai ka ga masara iya gwiwa ganye ya yi ruwan ɗorawa, ga shago babu kaya. An yi biyu babu ke nan.

Kama hayar hekta 2 ka ba su haƙƙinsu. Kuma lissafinka ya zama na buhu: buhun masara nawa zai biya buhun taki ɗaya ranar kaka? Kai da kake cikin kasuwa ka fi ni sanin abin da ya faru bayan gwamnati ta cire harajin shigo da masara da shinkafa a 2024, hatsi ya faɗi a 2025 amma taki ko gezau.

In gonar nan ta kwanta maka a rai, je ka gan ta a Agusta ko Satumba, ba da rani ba lokacin da kowane fili ke da kyau. In ka ga wuta-wuta, ciyawar nan mai tsotsar saiwar masara da dawa, ta yi fure tsakanin kunyoyi to ƙasar ta gaji, sai ta sha waken soya ko gyaɗa da takin gida kafin ta farfaɗo, wannan kuma dalili ne na neman ragi. Tambayi maƙwabta ko ruwa na kwanciya, ko burtali ya ratsa. In gonar gado ce kowane magaji ya sa hannu gaban dagaci.

Ita ma hayar a rubuta da shaidu, shekara 3 in da hali, don in ka yi ta shekara ɗaya ka zuba takin shanu mota-mota, baɗi mai gona zai ce ɗansa ya dawo daga Kano yana son noma.