Ina A da B suka tafi a kwamfutata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na karɓo kwamfutata daga wajen gyara, da na buɗe ma'ajiya sai na ga C kaɗai, in na soka filash kuma ya fito a D. To ina A da B? Ko mai gyaran ne ya cire min wani abu?
Daga wata ɗaliba a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kwantar da hankalinki, kada ki ɗauki alhakin mai gyara, bai taɓa miki komai ba. A da B gurabe ne na wasu baƙi da suka daina zuwa, amma har yau ba a naɗe musu tabarma ba.

Kwamfutar IBM da ta fito a watan Agustan 1981 ba ta da babban faifan ciki irin wanda ke ɗauke da hotunanki yanzu. Abin da take da shi kafa ce, ɗaya ko biyu, ta soka faifan fulofi, wani lafcecen faifai mai faɗin inci biyar da kwata, wanda ke cin kilobayit 160 kacal. Hoto guda na wayarki ya fi ƙarfinsa. Kafar farko ita ce A, nan ake sa faifan babbar manhaja don na'urar ta tashi. Ta biyu B, nan mutum yake adana aikinsa. Ko da kafa ɗaya gare ka, ana riƙe maka B: ka ce a kwafo daga A zuwa B, sai na'urar ta ce ka zare wannan faifan ka sa wancan, ku yi ta musanye har a gama. Da IBM ta fito da samfurin XT a 1983 da faifan ciki mai megabayit 10, ya tarar an riga an zaune A da B, sai ya zauna a C. Yana nan har gobe.

Ni na riski wannan zamani a wani shagon buga takardu a Kano, lokacin fulofi ya koma ƙarami, inci uku da rabi. Allo baƙi ƙirin, babu hoto, babu linzami, sai harafi yana ƙifta maka ido yana jiran umarni. Ka rubuta DIR, wato umarnin a nuna maka abin da ke cikin faifai, ƙaramar fitilar kafar ta kama, ka ji faifan yana gurnani. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gabarmu. A cikin ambulan muke ɓoye faifai, don ƙura kaɗan ta isa ta cinye aikin mako guda.

Wannan tsari na haruffa ba Microsoft ce ta fara shi a ƙananan kwamfutoci ba, kuma ina so ki riƙe sunan mai shi: Gary Kildall. Shi ya rubuta manhajar CP/M a 1974 a jihar Kalifoniya ta Amurka, ita ce ta mamaye ƙananan kwamfutocin ofis kafin zuwan IBM. A 1980 IBM ta nemi kamfaninsa, Digital Research, don ya ba ta babbar manhajar da za ta sa a kwamfutarta, ba su daidaita ba. Sai Microsoft ta sayo wata manhaja da Tim Paterson ya rubuta a Siyatil bisa salon CP/M, ta gyara ta, ta zama DOS, babbar manhajar kwamfutar IBM. Daga baya IBM ta sa duka biyun a kasuwa, DOS a dala 40, ta Kildall a dala 240. Kin ga ai ba sai an faɗa miki wadda mutane suka ɗauka ba. Kildall ya rasu a 1994, kuma yana yi min ciwo yadda ɗalibanmu suka haddace sunan Bill Gates na Microsoft, amma shi ko a aji ba a ambatonsa.

Windows a kan DOS aka fara gina ta, ta gaji haruffan. An bar C a inda yake ne saboda ɗimbin manhajoji an rubuta su da sanin cewa a nan za su sami gida. In kina sha'awa, Windows za ta bar ki ki laƙaba wa filash ɗinki A ko B, babu laifi. C ɗin dai kada ki kuskura ki sauya masa harafi, don kwamfutar tana iya ƙin tashi, ki sake komawa wajen mai gyaran nan.