Fiƙa da Hukuncin Cin Naman Dabba Mai Fiƙa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ji an hana cin naman duk dabbar da ke da fiƙa, amma na duba bakin raƙumi na ga yana da ita, kuma ana cinsa. Mece ce fiƙar da ake nufi? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fiƙa ita ce haƙorin nan mai tsini da ke tsakanin haƙoran gaba da turame, wanda Larabawa ke kira nabu. In ka fara ƙirga daga tsakiyar baki, ita ce ta 3 ta kowane ɓangare. Cikin haƙora 32 na baligi, 4 fiƙoƙi ne, biyu sama biyu ƙasa. Kai ɗaya gare ta, saiwarta kuma ta fi ta kowane haƙori tsawo, shi ya sa take da ƙarfin riƙo da yage nama.

Hadisin da ka ji ingantacce ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'alaba cewa Manzon Allah (SAW) ya hana cin duk mai fiƙa daga cikin siba'u, wato namun daji masu farauta. To, wannan ƙaidin na "daga cikin siba'u" shi ne mutane suke yar da shi in za su faɗi hadisin, kuma nan ne ruɗanin ya samo asali. Abin lura shi ne aikin da dabbar ke yi da fiƙar. Zaki da damisa da kyarkeci da ita suke kai hari, su kashe, su ci. Raƙumi kuwa, ko da yakan yi cizo in ya fusata, ciyawa da ganye ne abincinsa, halaccinsa kuma ya tabbata da Alƙur'ani da Sunna.

Malamai sun saɓa a kan ƙarfin hanin. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanabila sun ce haramun ne. Mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne karhanci, saboda aya ta 145 a Suratul An'am da ta taƙaita haramtattu a mushe, jini mai kwarara, naman alade da abin da aka yanka don wanin Allah. Kura ma an yi saɓani a kanta: Shafi'i da Ahmad sun halatta ta bisa hadisin Jabir, Abu Hanifa ya hana.

Ni dai abin da ya fi kwanta mini game da naman siba'u shi ne haramci, domin a Muwaɗɗa Imamu Malik da kansa ya kawo hadisin Abu Huraira da lafazin "haramun ne", ayar An'am kuma Makkiyya ce, wato tun a Makka ta sauka, ba ta hana a ƙara wani hukunci bayanta ba. Raƙuminka kuwa, ci abinka. Allah ne mafi sani.