Kafin ka sauya injin ƙofar Sienna, gwada ta da hannu

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce Sienna ɗinka ƙirar 2008 ce, in ka danna maɓalli ƙofar dama sai ta ɗan ja baya ta dawo ta rufe, kuma mai wayarin ya ce sai an sauya injin ƙofar baki ɗaya. To kar ka fitar da kuɗinka tukuna. Na daɗe ina jan irin wannan motar daga Kwangila a Zariya zuwa Kaduna, kuma a abin da na gani ba kasafai injin ke fara lalacewa ba.

Ta hagun sitiyari akwai maɓallin da ke kashe wutar ƙofofin. Kashe shi, ka ja ƙofar da hannu a hankali, kana saurare. In ta tafi sumul, to matsalar ta wuta ce. In kuwa ka ji nauyi, ko gurza, ko ta cije a wani wuri, ba ruwan mai wayarin.

Yadda ka kwatanta taka, na fi zargin rolar tsakiya, wato 'yar tayar da ƙofar ke gudu a kanta. Buɗe ƙofar rabi, ka kama ƙarshenta na baya ka ɗaga. In ta yi wasa sama da ƙasa, rolar ta cinye. Da zarar ta cinye ƙofar kan sunkuya, injin ya riƙa ja da ƙyar, kwamfutar motar kuma ta ɗauka hannun yaro ne ya maƙale, sai ta mayar da ita. Aikinta take yi, ba lalacewa ta yi ba. Daga nan ka leƙa cikin layin da ke ƙasan gilashin gefe na baya, za ka ga kebur siriri mai rigar roba, wanda injin ke jan ƙofar da shi. In robar ta tsattsage, wayoyin ciki sun yi cirko-cirko kamar bakin tsohuwar tsintsiya, to ya kusa tsinkewa. Sienna ta 2004 zuwa 2010 ta yi ƙaurin suna a kan wannan kebur ɗin, balle wadda ta fito daga jihohin sanyi na Amurka, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara. Da tsatsarta take isowa.

Mu ma muna ƙara mata. Yaron mota ya ga ƙofa ta yi nauyi sai ya laɓta mata giris ko baƙin mai, ƙurar hunturu ta zo ta zauna a kai, su haɗu su zama taɓo mai cin rola. Wanke layukan uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, da tsohon buroshi da tsumma, sannan ka fesa man silikon kaɗan. Ga kuma fasinjan da ba ya iya jira, injin na ja shi ma yana fizga.

In ta wuta ce, a duba fiyus da ƙarfin batir, da doguwar robar bakin ƙofa mai jin taɓi, da ɗan injin da ke sakin sakata. In an taɓa cire batir, rufe ƙofar da hannu ta kama gam kafin ka sake gwadawa. Ita ƙofar hagu tun asali ba ta buɗewa sosai muddin murfin tankin mai a buɗe yake, haka aka yi ta.

Kaya kuma, fara tambaya a Sabon Garin Zariya, in babu sai Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Tafi da tsohon a hannu, don na dama daban na hagu daban. 'Yan Beljiyam, wato kayan gwanjo na waje, ka duba kebur ɗinsu da kyau, wani bai fi naka lafiya ba. Kuma a sauya rolar tare, in ba haka ba sabon kebur ɗin ma ba zai kai ko'ina ba.

In haya kake yi da ita, da yawanmu cire kebur ɗin muke yi, mu kashe maɓallin, ƙofar ta koma ta hannu. Ba aibu ba ne. Sakata ce dai ba a wasa da ita: a 2016 Toyota ta nemi a dawo da Sienna na 2011 zuwa 2016 a gyara saboda ƙofar na iya buɗewa mota na tafiya. Taka ba ta ciki, amma bayan kowane gyara ka rufe, ka tura ta daga ciki da ƙarfi kafin ka ɗauki iyali. In da hali ɗauko ƙarar a waya ka turo mu ji.