Abin da ya haɗa Amurka da Nijar, da abin da ya raba su

Ɗan'uwa, ka tambaya ko amana ce ke haɗa babbar ƙasa da ƙarama, ko kuwa rikicin yanki. Na daɗe ina kai kaya Agadez, don haka da Nijar zan ba ka amsa.

Kafin 2011 Amurka ba ta damu da Nijar can can ba, sai ɗan horar da sojoji. Da aka kifar da Gaddafi makamai suka malalo kudu, arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye da masu iƙirarin jihadi a 2012, nan take Nijar ta zama 'yar lele. A 2013 jiragen Amurka marasa matuƙa suka sauka Yamai, daga baya aka gina sansanin sojan sama na 201 a Agadez, wanda ya ci sama da dala miliyan 100. Ina gani samarin gari suna sammako neman leburanci a bakin shingen, amma ka zauna teburin mai shayi ka tambayi abin da ake yi a ciki, kowa da nasa labarin. Ai ko a Washington, sai da aka kashe sojojinsu 4 a ƙauyen Tongo Tongo da ke yammacin Nijar a Oktoban 2017 wasu sanatoci suka ce ba su san yawan dakarunsu a Nijar ya kai haka ba.

Da Mali da Burkina Faso suka sallami Faransa, darajar Nijar ta ƙara tashi, har Blinken, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya zo Yamai a Maris ɗin 2023. A Yuli Janar Tiani ya kifar da Bazoum. Duba fa, sai a Oktoba Amurka ta yarda ta kira abin juyin mulki, domin dokarta ta ce in ta furta haka dole ta yanke tallafi, ita kuwa sansanin take ji.

A ganina Amurkawa sun yi zaton wanda wuta ke ci a gidan maƙwabcinsa ba ya da bakin magana. Tawagar Molly Phee, jami'ar Amurka mai kula da harkokin Afirka a lokacin, ta zo a Maris ɗin 2024 tana jan kunne kan Rasha da Iran, kwanaki kaɗan sojojin da ke mulkin Nijar suka soke yarjejeniyar zaman dakarun Amurka a ƙasar. Mutane ba su yi kuka ba, don ƙorafin da na sha ji shi ne: jirage na shawagi a sama, ana kashe mutane a Tillaberi, to amfanin me? Ga kuma Rasha a bakin ƙofa, masu horar da sojojinta sun iso a Afrilu. Zuwa Satumba sojojin Amurka kimanin 1,000 sun kwashe nasu ya nasu.

Pakistan ta sha irin wannan, amma ita barinta aka yi. Amurka ta zuba mata kuɗi lokacin da Tarayyar Sobiyet ke Afghanistan, aka yanke a 1990, aka dawo neman ta a 2001. Nijar kuwa rikicin bai ƙare ba, ita ce ta ce su tafi.