Google Drive ya ƙi sakin fayil? A duba waya kafin a zargi reso

Tambaya: Malam, an turo mana takardun jarrabawa ta Google Drive a rukunin malamai. Duk sanda na taɓa sai ya ce mutane da yawa sun riga sun sauke, in sake gwadawa daga baya. (Wani malamin makaranta, Mirriah)

Amsa: Malam, wayarka lafiyarta lau. Idan jama'a suka yi wa fayil ɗaya rubdugu cikin ɗan lokaci, Drive kan rufe shi, kuma rufewar na iya kaiwa awa 24. Ka jira, ko mai fayil ɗin ya ɗora sabon kwafi ya ba ku sabon adireshi. Danna shi sau hamsin ba zai sa ya ji tausayinka ba.

Tambaya: Ina sauke bidiyon darasi mai jiga 1,5, yana kusan ƙarewa sai ya tsaya. Wata ƙawata ta ce wuri ne ya cika, sai na goge hotuna da takarduna daga Drive. Har yanzu ya ƙi. (Ɗaliba, Jami'ar André Salifou)

Amsa: Haba ƙanwata! Kafin komai, buɗe Drive yanzun nan, taɓa layuka ukun nan na sama, shiga kwandon shara, wanda wayoyinmu masu Faransanci ke rubuta Corbeille, ki mayar da duk abin da kika goge. Kwana 30 kawai Drive ke ajiye su, daga nan sun tafi ke nan.

Wannan kuskure yana ci mini rai, don mutane na asarar takardun shaidar karatu da hotunan iyali a banza. Idan za ki ɗauko buhun gero daga rumbu zuwa ɗaki, ɗakin ne ke bukatar wuri, ba rumbun ba. Jiga 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, wanda Gmail da Drive da Google Photos ke rabawa, na abin da kika ɗora ne. Idan ya cika, ɗora sabon abu ne zai gagara, saƙonnin Gmail ma su daina shigowa, amma ba ya hana saukewa. Abin da kike saukewa cikin wayarki zai zauna.

Ki shiga saitin waya ki duba ma'ajiya. Na tabbata WhatsApp za ki tarar ya cinye wurin: bidiyon biki, wa'azin da aka turo a rukuni biyar, da gaisuwar Juma'a ta shekara uku. Ki share su, sannan ki kashe saukar bidiyo kai tsaye a saitin WhatsApp, abin da ya kamata kowa ya yi ranar da ya sayi waya. Ni Files by Google nake ba kowa shawarar ya sa, don yana fito da manyan fayiloli da waɗanda suka maimaitu. Fayil mai jiga 1,5 ki tanadar masa jiga 2 aƙalla. In kuma a dunƙule yake cikin zip, sai ninki biyu, domin in an warware shi, dunƙulallen da warwararren duk suna nan zaune.

In wuri ya samu ya sake tsayawa, to abu biyu ne. Ko dai tsarin tsimin batir ya katse aikin da allo ya mutu, sai ki kashe shi ki jona caji, ko kuma forfen intanet da kika saya ya ƙare a hanya. Jiga 1 ba zai sauke jiga 1,5 ba ko da addu'a. Ki riƙa duba girman fayil kafin ki taɓa, ki kuma sauke ta Chrome, wanda sau da yawa kan ci gaba daga inda ya tsaya idan reso ya dawo. Babban fayil a bar shi sai dare ya yi nisa, lokacin da masu amfani da reso suka ragu.

Tambaya: Bidiyon biki mai jiga 5 ya ƙi sauka a kile ɗina na USB, alhali mai jiga 32 ne kuma babu komai a ciki. (Mai shagon buga takardu, kusa da Kasuwar Dole)

Amsa: Kile ɗinka na kan tsarin ajiyar fayil na FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce jiga 4. Ka yi masa formate, ka canja tsarinsa zuwa exFAT ko NTFS. Wannan yana share komai, don haka mai kaya a nasa ya kwashe tukuna. Kuma ka fara saukewa a kwamfuta sannan ka kwafa, saboda in kuran ya ɗauke ana tsakar rubutawa, kile ɗin na iya lalacewa.

Tambaya: A kwamfuta ina danna saukewa, shiru, ko saƙo babu. (Wata ma'aikaciya, Birni)

Amsa: Hajiya, ki fita daga duk asusun Google da ke buɗe, ki shiga da guda ɗaya, wanda aka ba izinin fayil ɗin. In ya ƙi, ki ba Drive izinin kukis na waje, wato 'yan bayanan da shafuka ke ajiyewa a kwamfuta, a saitin Chrome. Ki kuma dubi kwanan watan kwamfutar, don in ya kauce, shafuka masu tsaro kan ƙi aiki.

Tambaya: Ina iya kallon fayil, amma babu wurin saukewa. (Wani matashi, Zango)

Amsa: Mai shi ne ya hana masu kallo saukewa. Ka yi masa magana ya buɗe maka.