Ɗana ba ya barina in matsa ko nan da can

Tambaya: Ɗana mai wata 15 yana tsala ihu da zarar na fita. Me masanin halayyar ɗan'adam zai duba? Wata uwa, Zariya.

Amsa: Malama, kukan rabuwa a wannan watannin ba ciwo ba ne. Dawowarki muke kallo. A gwajin shaƙuwar uwa da ɗa da masaniyar halayyar ɗan'adam Mary Ainsworth ta tsara, na kusan minti 20, uwa takan fita sau biyu na 'yan mintuna, a ga yadda yaron zai yi in ta dawo. In kika dawo ya rugo, kika ɗauke shi ya lafa ya koma wasa, shaƙuwarku lafiya lau. Wanda ya kau da kai, ko ya manne yana dukanki, shi za mu zauna a kansa. Kada ki riƙa sulalewa a ɓoye, shi ke sa ya ƙi sakin zanenki. Yi masa sallama tukuna.