Injin Milin Ƙarami: Na Inci Zan Saya Ko Na Milimita?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina ɗan gyaran ƙananan fas na injina a Kaduna, zan yi odar ƙaramin injin milin irin Sieg X2 ɗin nan na Chana, sai mai sayarwa ya ce akwai na inci akwai na milimita, kuma na ga hoton dayal ɗin wani an raba shi 62 da rabi. Meye wannan rabin, kuma wanne zan ɗauka?

Amsa: Yawwa ɗan'uwa, gara da ka tambaya tun kuɗi bai fita ba. Abin dubawa ba lambobin da ke jikin dayal ba ne, sukurun da ke ƙarƙashin tebur ne. Duk juyi ɗaya da ka yi wa hannu, tebur zai matsa daidai tazarar zare ɗaya na sukurun, dayal kuwa aikinsa kawai ya yanyanka maka wannan tazarar.

To wancan mai 62 da rabin, sukurunsa zare 16 ne a inci ɗaya, wato juyi ɗaya 0.0625 na inci, in ka raba shi layi-layi na 0.001 dole rabin layi ya rage, shi ne za ka ga layin ƙarshe ya matse kusa da sifili. Ba ƙarya injin yake ba, lissafinsa ne mai ciwon kai. A ce 0.200 kake so ka matsa, juyi uku ya ba ka 0.1875, saura layi 12 da rabi, kana wannan lissafin ga ƙarar inji ga kwastoma tsaye a kanka, ai sai ka ɓata ƙarfen mutane. Mai zare 20 irin na Sherline juyi ɗaya 0.050 ne, juyi huɗu ka gama magana. Babban injin milin na Bridgeport ma zare 5 ne, juyi ɗaya 0.200 cif.

Kai dai in aikin da ake kawo maka da kalifarka, wato ma'aunin kauri da tsawon ƙarfe, duk milimita ne, ɗauki na milimita kawai. Galibi sukurun milimita 1.5 ne, layi 75, kowane layi 0.02.

Amma fa kar ka yarda da rubutun talla kaɗai. Akwai injinan da sukurun na milimita ne aka buga musu dayal na inci, misali sukurun milimita 1 da layi 40 a ce kowanne 0.001, alhali juyin 0.03937 ne ba 0.040 ba, kuskuren kuma taruwa yake yi da yawan juyi. In inji ya iso, ka yi juyi goma ka auna da kalifa: milimita 15 na nufin sukurun 1.5, in ka ga wajen 15.9 mai zare 16 aka turo maka, 12.7 kuma mai zare 20.

Lokacin gwajin ka kula da wasan sukuru, wato in ka juya baya za ka ji hannu ya ɗan tafi fanko kafin tebur ya motsa. Ta ɓangare ɗaya za ka riƙa zuwa layinka kullum, in ka zarce ka koma baya sosai ka sake tahowa. In kuma aljihu ya yarda daga baya ka sa masa DRO, wato ma'aunin lantarki mai nuna lamba a allo, shi motsin tebur yake karantawa kai tsaye, ba ruwansa da sukuru ko wasansa.